Sarautar Kwana Kaɗan da Kuɗin da Ta Bari: Daga Rum Zuwa Kasuwar Daura

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsofaffi a Daura, ko Mai'aduwa, ko Sandamu, ko Zango, da wuya a ce bai taɓa cin karo da kwabo mai huji ba. Yakan kwanta a gindin adudu, ko cikin tsohon gwangwani tare da allura da maɓallai da guntun turare. Ni a cikin kayan kakata na fara ganinsa, an zura shi a zare tare da 'yan'uwansa, anini da ɗari, duk sun dushe. A bayan kowanne akwai tauraro mai tsini shida, a gabansa kuma kambin sarauta da rubutun boko da ɗan layin Larabci mai faɗin darajarsa. Sai da na girma na iya karanta abin da ke jikin ɗaya daga cikinsu: shekarar 1936, da sunan Edward na Takwas.

Wannan Edward ɗin ya hau gadon Ingila ranar 20 ga Janairun 1936, ya sauka ranar 11 ga Disambar wannan shekarar, saboda ya nace sai ya auri wata Ba'amurkiya da fada da coci da gwamnati suka ƙi. Ko bikin naɗinsa ba a kai ga yi ba. A ƙasarsa ta Ingila kuɗi mai sunansa bai taɓa shiga kasuwa ba, don ana cikin shirin bugawa ya ajiye rawani. Amma ƙananan kuɗin da ake bugo wa ƙasashen Afirka ta Yamma suna da huji a tsakiya, babu wurin sa hoton kan sarki, saboda haka ba a tsaya jiran mai zane ba. Suna kawai aka canza, aka buga miliyoyi, aka loda a jirgin ruwa. A lokacin Sarkin Daura Abdurrahman ɗan Musa ne a kan gado, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966. Mai shekara 55 bai hau kan ko anini ba, mai kwana 326 kuwa da sunansa aka sayi goro da daddawa a ƙofar fadar Daura.

A ƙarshen sunan Edward a jikin kwabon akwai haruffa uku, IMP. Gajarta ce ta kalmar Latin da Rumawa ke kiran babban sarkinsu da ita, wanda littattafan Larabci suka sanar da mu da sunan Ƙaisar. Haruffan nan uku su ne ke farkon rubutun dubban tsabar kuɗin da aka buga a daular Rum shekara dubu ɗaya da ɗari bakwai da suka wuce, har da kuɗin mutanen da sarautarsu ba ta kai ko rabin ta Edward ba. Shi Edward gado ya yi, bai ƙwaci komai ba. Waɗancan kuwa da takobi suka ɗauka, kuma da takobi aka karɓe. Tambayar da nake so mu duba ita ce: me tsabar kuɗi ke iya shaidawa game da sarkin da bai daɗe ba, kuma a ƙasa irin tamu da sarakuna ba su buga kuɗi ba, me ya tsaya a madadinta?

Daular Rum, duk da girmanta da yawan dokokinta, ba ta taɓa samun tsayayyar ƙa'idar gadon sarauta ba. Ba ta da masu zaɓen sarki irin waɗanda muka sani, da za su shiga ɗaki su fito da suna a yi mubaya'a. A takarda majalisar dattawa ce ke tabbatarwa, a zahiri kuwa sojoji ne. Rundunar da ke gadin bakin kogin Danub, ko ta Sham, ko ta Birtaniya, in ta ga albashi ya makara ko abokan gaba sun matso babu agaji daga fada, sai ta yafa wa kwamandanta alkyabbar sarauta, ta ce shi ne Ƙaisar. Daga wannan rana ba shi da hanyar komawa baya. Ko ya ci birnin Rum, ko a kai kansa can a kan mashi. Tsakanin 235 da 284, kimanin shekara hamsin, an yi sarakuna fiye da ashirin da aka amince da su, ban da tarin waɗanda suka yi da'awa aka murƙushe su.

Abu na farko da irin wannan mutum ke nema shi ne maƙeri. Sojan da ya ɗora ka yana jiran tukuicinsa, kuma ba ya karɓar alkawari. Buga kuɗi a zamanin aikin hannu ne: a sassaƙa hoto da rubutu a kan guntayen ƙarfe biyu masu tauri, a sa ɗan faifan azurfa ko tagulla a tsakaninsu, a kawo guduma a maka. Maƙera kaɗan da uwar maƙera da gawayi sun isa, ko da a sansanin yaƙi ne. Shi ya sa mai sarautar mako uku ma yake iya barin kuɗi. Bayan biyan soja kuma akwai shela. Mutumin ƙauye a Faransa ta yau ba zai taɓa ganin Ƙaisar da idonsa ba, amma fuskarsa za ta iso tafin hannunsa ranar kasuwa. Mu da muka san yadda masu juyin mulki a Nijeriya ke fara rugawa gidan rediyo, kamar yadda Dimka ya yi ranar 13 ga Fabrairun 1976, ba ma bukatar dogon bayani. Gidan buga kuɗi shi ne gidan rediyon Rum.

Sai dai mai karanta shelar nan ya kula, domin sau da yawa abin da sarki ya rubuta a kuɗinsa shi ne ainihin abin da ya rasa. A shekarar 193 dakarun fada suka kashe Sarki Fartinas bayan wata uku, suka sa sarautar a gwanjo. Wani attajirin ɗan majalisa, Didiyus Juliyanus, ya taya da alkawarin kuɗin Rum 25,000 ga kowane soja, aka sallama masa. Ya yi kwana 66. A cikin waɗannan kwanaki ya buga zinariya da azurfa da tagulla, wasu da rubutun “haɗin kan sojoji”, wasu suna kiransa “mai mulkin duniya”, har matarsa da 'yarsa ya buga wa nasu. A lokacin manyan kwamandoji uku sun riga sun yi masa tawaye, kuma a cikin fadarsa aka kashe shi. Haka a 238, majalisa ta naɗa dattawa biyu, Fufiyenus da Balbinus, su yi sarauta tare. Kuɗinsu na ɗauke da hannuwa biyu suna musafaha, da rubutun ƙauna da amana tsakanin sarakunan biyu, alhali kowanne yana zargin ɗan'uwansa da shirya masa makirci. Bayan kimanin wata uku dakaru suka same su suna cikin gardama suka kashe su tare.

Jikin kuɗin ma yana magana, ko da rubutun ya yi ƙarya. Regaliyanus, wanda aka ɗora a wajen 260 a garin Karnuntum da ke Ostiriya ta yau, bai samu ko sabuwar azurfa ba. Tsofaffin kuɗin sarakunan baya ya tattara ya maka hotonsa da na matarsa a kansu, har ana hango ragowar tsohon rubutu a ƙarƙashin sabo. Ko ba a karanta littafi ba, mai riƙe da wannan tsaba ya san mutumin cikin gaggawa yake, kuma aljihunsa babu nauyi. Akasin haka Fostumus, wanda ya ɓalle da Faransa da Birtaniya da Sifen a 260 ya riƙe har 269: zinariyarsa na cikin mafi kyawun aikin da aka yi a wannan ƙarni, kuma shekaru da dama azurfar da ke cikin kuɗinsa ta fi ta Galliyenus, sarkin da ke zaune a Rum yana kiransa ɗan tawaye. A zamanin ne kuɗin azurfar daular ke lalacewa. Tsabar da aka fara bugawa a 215 rabinta azurfa ce, kafin 270 abin da ya rage a cikinta bai kai kashi biyar cikin ɗari ba, tagulla ce aka shafa wa fari. A irin wannan hali, wanda ya ba ɗan kasuwa kuɗi mai nauyi ya fi mai dogon asali samun biyayya.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Karawusiyus, kwamandan jiragen ruwa da ya kame Birtaniya a 286. Ya buɗe gidan buga kuɗi a Landan, sannan ya fitar da wata tsaba mai kawuna uku a jere: nasa da na sarakunan Rum biyu na lokacin, Diyokileshiyan da Maksimiyan, da rubutu mai cewa shi da 'yan'uwansa ne. Roƙon sulhu ne aka buga a ƙarfe, kamar mai aika gaisuwa fadar da ya san ba a son ganinsa. Su kuwa ba su taɓa mayar masa da gaisuwar a kuɗinsu ba. A 293 ma'ajinsa Allektus ya kashe shi ya hau, shi ma ya buga nasa, bayan shekara uku rundunar Rum ta ƙetaro ta gama da shi. Afirka ma ta ga nata. A 238 aka ɗora tsoho Gordiyan da ɗansa a garin da yanzu ake kira Aljam a Tunisiya, suka yi kimanin mako uku. Ba su taka birnin Rum a matsayin sarakuna ba, amma da yake majalisa ta goya musu baya, can aka buga musu kuɗi masu kyau.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne inda tsabar kuɗi ta tsaya gaban marubutan tarihi ta ƙaryata su. Tsofaffin littattafan Latin sun ce wani Mariyus, wanda asalinsa maƙeri ne, ya yi sarautar yankin Faransa a 269 na kwana biyu ko uku kacal. An daɗe ana maimaita wannan. Amma kuɗinsa da aka tono suna da yawa, kuma masana suna da hanyar awo: kowane hatimin bugu da hannu aka sassaƙa shi, ba ya kama da wani, kuma yana da iyakar abin da zai buga kafin ya tsage. In aka jera tsabobin aka ƙirga hatimi nawa aka yi amfani da su, za a iya kimanta tsawon aikin. Da aka yi wa Mariyus wannan lissafi, sai aka ga kwana uku ba za su ɗauke shi ba, sai dai wata biyu zuwa uku. Gani ya kori ji.

Labarin Domishiyanus ya fi wannan. A shekarar 1900 aka tono wata tsaba guda a yammacin Faransa da sunan wani Ƙaisar Domishiyanus, mai kama da kuɗin wajen 271. Littattafai sun ambaci wani hafsa mai wannan suna a gurguje, amma babu wanda ya ce ya hau gado. Manyan masana suka ce jabu ce, wani ne ya goge sunan wani sarki ya sassaƙa sabo, aka ture ta gefe shekara ɗari. A 2003 wani mai yawo da na'urar gano ƙarfe ya tono tukunya a gona a ƙauyen Chalgrove kusa da Oksfod, da tsabobi kusan 5,000 da tsatsa ta manne su wuri guda. Bai farfasa ba, ya kai wa hukuma yadda take. Da ma'aikata suka bi a hankali suna ɓamɓarewa, sai ga ta biyu, kuma hatimin da ya buga ta Faransa shi ya buga ta. Babu ɗan damfarar da zai iya cusa tsaba cikin dunƙulen da ya yi shekara 1,700 a ƙasa. Da haka aka mayar da mutum cikin jerin sarakuna. Tukunyar tana gidan tarihi na Ashmolean a Oksfod. Akwai kuma Silbannakus, wanda babu littafi ko dutse ko ɗaya da ya ambace shi. Tsaba biyu ce duk shaidar cewa ya taɓa rayuwa, ta farkon gidan tarihin Birtaniya ya same ta a 1937.

Kada a ɗauka tsaba ba ta ruɗi. Tun da masu tara kayan da suka fara biyan kuɗi mai tsoka kan abin da ba a cika samu ba, maƙeran jabu suka samu sana'a, kuma sarkin kwana kaɗan shi ne kasuwarsu. A 1713 aka ce an tono wasu zinare a yankin Taransilbaniya ta Romaniya, wasu da sunan wani Sifonsiyanus. Zubi aka yi musu a maimakon bugu, rubutun ya karkace, bayansu kuma an kwaikwayo shi daga wani kuɗin da ya girme su da ɗaruruwan shekaru. An daɗe da yanke musu hukuncin jabu. A 2022 wasu masu bincike suka sa wadda ke gidan tarihi na Hunterian a Gilasgo a ƙarƙashin madubin ƙara girma, suka ce sun ga alamar gogayya ta yawo a hannu da ƙasar da ta kama jikinta, don haka mutumin gaskiya ne. Jaridun duniya suka ɗauka. Yawancin masanan kuɗin Rum kuwa ba su gamsu ba, ni ma hujjarsu ta fi kwanta mini: gogewa da ƙasa suna nuna abu ya tsufa ko an binne shi, ba sa nuna wanda ya ƙera shi. Bambancinta da ta Domishiyanus shi ne an san inda aka tono waccan da yadda aka same ta, wannan kuwa sai “an ce”.

Su kansu Rumawa sun ɗauki kuɗi a matsayin shaidar sarauta. A wani littafin tarihin sarakunansu da aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 4, an kawo gardama kan wani Firmus na Masar, ko sarki ne ko ɗan fashi, kuma cikin hujjojin masu cewa sarki ne har da cewa ya buga kuɗi. Har yau ba a ga sahihiyar tsabarsa ko ɗaya ba, kuma littafin ya yi suna wajen ƙago mutane. Daulolin Musulunci ma sun riƙe wannan ma'auni. Tun bayan da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinari mai rubutun Larabci zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, alamun mulki biyu suka zama ambaton suna a huɗubar Juma'a da buga suna a kuɗi.

To, mu dawo gida. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma wuri ba shi da uban gida. Daga tekun Indiya yake fitowa, tsibiran Maldibs da gaɓar Afirka ta Gabas, ya ratso hannun fatake har ya iso mu. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushe Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canza liyari guda, kuma keso ɗaya wuri 20,000 ne. Shi liyarin ma, azurfar da manyan fatake ke riƙewa, hoton wata sarauniyar Ostiriya ne a jikinsa, Mariya Tereza, wadda ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar har bayan jikokinta sun shuɗe. Daular Usmaniyya ta Sakkwato, da duk malamanta da suka san hukuncin dinari da dirhami a littafi, ba ta kafa gidan buga kuɗi ba. Ban ɗauki wannan a matsayin gazawa ba. Wuri ba ya jabuntuwa, ba sarkin da zai iya rage masa azurfa ya cuci talaka, yana sayen abin da bai kai a fasa tsaba dominsa ba, kuma yana ƙetare iyaka ba tare da an tambayi wanda ke mulki ba. Matsalarsa nauyi, da kuma faɗuwar daraja da ya yi a ƙarshen ƙarni na 19 sa'ad da Turawa suka yi ta jibge shi a gaɓar teku.

Amma rashin suna a jikin kuɗi yana da farashi, kuma tarihin Daura ne ya fi nuna shi. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Malam Ishaku ya karɓi tuta ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyar tsohon gidan ba ta watse ba. Reshe ɗaya, ta hannun Lukudi da Nuhu, ya kafu a Zango, wani reshen ya zauna a Baure, suna jingine da Damagaram. Kusan shekara ɗari ana da gidaje uku a ƙasa guda, kowanne yana ganin sarautar Daura tasa ce, har Turawa suka zo suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka zaunar da shi a birni a farkon ƙarni na 20. Irin wannan ya faru a maƙwabta: har yau mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, na Suleja kuma Sarkin Zazzau. Da a Rum ne, da yanzu muna da jerin tsabobi uku, mu auna nauyinsu, mu ga wanda ya yi ƙarfi a wace shekara, da laƙabin da kowanne ya zaɓa wa kansa, da iyakar kasuwannin da kuɗinsa ya kai.

Wa ya ƙwata, wa aka ƙwace wa, a cikin gidajen nan uku? Amsar tana bin inda mai amsawa ya tsaya. Daga Sakkwato, mai tuta shi ne halastacce. Daga Zango, mai jinin Bawo, kakan tsohon gidan, shi ne mai gida. Rum ta koya mana mu yi hattara da kalmar, domin Basfasiyan da Saftimiyus Saferus da Kustantin, waɗanda ake lissafawa cikin manyan sarakunanta, duk rundunoninsu ne suka ɗora su kamar yadda aka ɗora Fostumus. Sun yi nasara, suka samu marubuta. Wanda ya faɗi kuwa akan kankare sunansa daga jikin duwatsu, a rushe gumakansa, a kira shi azzalumi. Abin da ya gagari masu kankarewa shi ne kuɗin da ya riga ya watsu, musamman wanda wani mai tsoro ya zuba a tukunya ya binne bai dawo ba.

Abin da ya tsaya mana a madadin tsaba shi ne tambari da kakaki, da kayan gado irin takobin da ake dangantawa da Bayajidda a fadar Daura ko Gajere a Katsina, da kirarin maroƙa, da hatimin da ke kan wasiƙun sarakuna, da jerin sunaye irin Girgam na Daura, wanda ya faro tun daga sarakuna mata na Tsohon Birni, su Kufuru har zuwa Daurama da waɗanda suka biyo ta. Dukiya ce babba, sai dai kusan dukkanta a hannun fada take, kuma fada tana tuna wanda take so ta tuna. Tarihin Kano ya ce a tsakiyar ƙarni na 15 an naɗa Dakauta, wanda bebe ne, da fatan sarauta za ta buɗe masa baki, da ya kwana ɗaya bai yi magana ba aka sauke shi. Ɗansa Atuma ya yi kwana bakwai aka cire shi don tsoron Galadima Dawuda. Duk sa'ad da na karanta wannan sai Mariyus ya faɗo mini a rai. Shi ma kwana biyu ko uku aka ba shi, kuɗinsa suka ƙara masa watanni. Atuma ba shi da mai tsaya masa, kwana bakwai ɗin da marubucin ya ba shi su ne rabonsa har abada. Wanda kuma aka ga dama aka tsallake sunansa gaba ɗaya, ba tukunyar da za a tono ta dawo da shi.

Duk da haka kowane ɓangare da abin da ya fi ɗan'uwansa. Silbannakus muna da fuskarsa, mun san yanayin hancinsa, amma babu wanda zai iya faɗin uwarsa ko garinsu ko abin da ya kashe shi. Dakauta ba mu da fuskarsa, amma muna da dalilin naɗinsa da dalilin saukarsa, har da irin tunanin mutanen da suka yi zaton gadon sarauta na warkar da bebantaka. Tsaba tana tabbatar da cewa mutum ya wanzu, baki yana faɗin ko wane ne. Masanin da ya fi kowa tattara tarihin gidajen Daura uku, M. G. Smith, wanda littafinsa ya fito a 1978, da bakin dattawa ya yi yawancin aikinsa, yana gwada ruwayar wannan da ta wancan, kamar yadda masanan Rum ke gwada hatimi da hatimi.

Kusa da mu an yi masu sabuwar daula da suka bi hanyar Rumawa. Mahadin Sudan ya ci Khartum a Janairun 1885, ya rasu a watan Yunin shekarar, amma a wannan ɗan tsakani an buga kuɗi, Halifa Abdullahi kuma ya ci gaba da bugawa a Omdurman, azurfar tana raguwa yayin da daular ke shiga matsi. Biyafara ta fitar da takardun kuɗinta a 1968 bayan gwamnatin tarayya ta canza na Nijeriya, ta kuma buga tsabobin goran ruwa masu shekarar 1969. Janar Murtala Muhammad kuwa, wanda mulkinsa bai wuce wata shida da 'yan kwanaki ba, bai sa kansa a kuɗi ba. Bayan rasuwarsa aka sa hotonsa a takardar naira ashirin a 1977, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya hau kuɗin ƙasar, har takardar ta ci sunansa a bakin mutane. Wannan shaida ce ta wani iri dabam, domin waɗanda suka rage ne suka bayar da ita.

Abin da ya dame ni shi ne ɗan abin da muke da shi ma yana zubewa. Tsofaffin aninai da kwabbai suna tafiya a buhun 'yan gwangwan da nauyin kilo. Wasiƙun sarakuna da na alƙalai masu hatimi suna gidajen zuriyarsu a cikin akwatunan da gara ke ci, alhali su ne mafi kusa da tsabar Rum a wurinmu, tunda suna ɗauke da suna da laƙabi, wani lokaci da shekara, kuma an rubuta su tun mai sunan yana da rai. Wasiƙa guda daga Zango ko Baure ko birni, in an san gidan da ta fito, tana iya gyara jerin sarakuna kamar yadda tukunyar Chalgrove ta yi.

Don haka ina roƙon magina da manoma a ƙasar Daura: in kuna haƙar tushen gini ko rijiya kuka ci karo da tukunyar wuri ko ta tsaba, kada ku fasa ku rarraba. Ku ɗauki hotonta a inda take, ku sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai maganar fada ko gidan tarihi na Katsina. Masu tsofaffin takardu kuma su bari a ɗauki hotonsu ko da ba za su rabu da su ba. Kai kuma mai karatu, in ka koma gida ka roƙi tsohuwa ta buɗe maka gwangwaninta. Ka duba shekara, sannan ka karanta suna, don akwai na 1936 masu sunan mahaifin Edward, Joji na Biyar. In ka samu na Edward na Takwas, kada wani ya ruɗe ka da cewa ka yi arziki, an buga su da yawa kuma ba su da tsada. Ka rubuta sunan mai shi da garin da ta same shi a 'yar takarda, ka ajiye su tare.